Yadda Ake Tantance Hujja a Muhawarar Halitta da Juyin Halitta

Yawancin gardamar da ake yi kan asalin halittu takan watse tun ba a kai ga hujjar farko ba, saboda mutanen biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Wannan yana maganar samuwar Mahalicci, wancan yana maganar shekarun dutse, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya kauce hanya. Abin da muke so mai karatu ya iya shi ne ya ɗauki da'awa guda, ko daga bakin wa ta fito, ya san awon da ya dace da ita, ya kuma san inda awon kan yi kuskure da abin da ke jawo kuskuren.

Rarrabe tambayoyin tukuna

Samu takarda ka rubuta tambayoyi shida, kowace a layinta. Shekarun duniya nawa? Jinsunan halittu suna sauyawa da tafiyar zamani? Daga tushe ɗaya suka fito? Ta wace hanya sauyin ke aukuwa? Yaya rai ya fara tun asali? Akwai Mahalicci da nufi a bayan wannan duka?

Huɗun farko ana auna su, an kuma auna. Ta biyar har yau ba a warware ta ba. A 1953 Stanley Miller ya nuna cewa tartsatsin lantarki a cikin cakuɗen iskar gas da tururin ruwa na haifar da amino asid, sinadaran da furotin ke haɗuwa da su, amma daga nan zuwa rayayyen abu mai hayayyafa tafiya ce mai nisa da babu wanda ya nuna ta daga farko har ƙarshe. Nazariyyar juyin halitta, wato cewa jinsuna suna sauyawa sannu a hankali daga tushe ɗaya, ba ta rataya a kan wannan ba, don ita sai bayan samuwar rai take fara magana. Ta shida kuwa ba ta shiga kwalbar gwaji. Wanda ya ce maka burbushin ƙashi ya tabbatar babu Allah, ya bar kimiyya ya shiga falsafa, sai ka auna maganarsa da ma'aunin falsafa.

Sannan ka tambayi abokin zancenka inda ya tsaya, domin masu maganar halitta ba taro ɗaya ba ne. Akwai masu ganin duniya ba ta wuce shekara 6,000 zuwa 10,000 ba, bisa lissafin zuriyoyin da ke cikin Baibul. Shahararren lissafin shi ne na Babban Bishop James Ussher na Ailan, wanda a 1650 ya sa farkon halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai masu yarda da tsufan duniya amma su ce kowane jinsi daban aka halicce shi. Akwai masu ra'ayin tsari mai hikima, da suka yi ƙarfi a Amurka a shekarun 1990, masu cewa wasu sassan jiki sun fi ƙarfin a ce sannu a hankali suka haɗu. Akwai masu ɗaukar juyin halitta a matsayin hanyar da Allah ya tsara, irin su Francis Collins da ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Paparoma John Paul na Biyu ma a 1996 ya ce nazariyyar ta wuce matsayin hasashe kawai. Akwai kuma, musamman cikin Musulmi masu nazari, waɗanda suka yarda da ita a kan dabbobi da tsirrai amma suka keɓe Annabi Adamu. Hujjar da ke girgiza matsayi na farko ba ta taɓa na huɗu ko kaɗan. In ba ka san da wa kake magana ba, za ka ƙare ƙarfinka wajen rusa abin da mutumin bai taɓa faɗa ba.

Shekarun dutse: nan aka fi yin tuntuɓe

Idan da'awar ta shafi shekaru, tambayoyinka uku ne. Wane sinadari aka auna? A cikin wane irin abu? Shekarun da ake nema suna cikin iyakar wannan awon kuwa?

Tushen aikin ɗaya ne. Wasu sinadarai ba sa zama yadda suke, suna rikiɗewa zuwa wani sinadari a kan ƙayyadadden sauri, kuma ana faɗar saurin da tsawon lokacin da rabin sinadarin ke ɗauka kafin ya rikiɗe. Na kabon-14 shekara 5,730 ne. Na fotasiyam-40 shekara biliyan 1.25, yana barin iskar agon a baya. Yuraniyam-235 shekara miliyan 704, yuraniyam-238 biliyan 4.47, dukansu dalma suke komawa, kowanne da irin tasa.

Kabon-14 shi ne wanda kowa ya ji sunansa, shi aka kuma fi yi wa gurguwar fahimta. Abin da ya taɓa rayuwa kaɗai yake aunawa, kamar itace, gawayi, ƙashi da tufa, iyakarsa kuma kimanin shekara 50,000. Yi lissafin da kanka: in ya ragu rabi sau goma, wato shekara 57,300, kashi 1 cikin 1,024 ne ya saura. A wannan matakin ƙazanta kaɗan ta isa ta ɓata komai. Ɗauki abin da babu sauran kabon-14 a jikinsa, ka bar kashi 1 cikin 100 na sabon kabon ya shige shi, ko daga saiwar tsiro, ko daga bakteriya, ko daga gam ɗin da aka liƙe ƙashin da shi: na'ura za ta ba ka shekara kusan 37,000. Don haka in aka ce maka an auna ƙashin dainoso da kabon an samu shekara dubu talatin da 'yan kai, ƙazanta aka auna. Dabbar da ta ɓace shekara miliyan 66 da suka wuce ba da wannan ma'auni ake gwada ta ba. Labarin dodon koɗi mai rai da awo ya ba shi dubban shekaru ma gaskiya ne, dalilinsa kuma sananne ne: yana gina ɓawonsa da tsohon kabon da ya narke daga dutsen farar ƙasa cikin ruwan da yake rayuwa. Halittun teku sukan nuna ƙarin shekara kimanin 400, masu awo suna cire shi. Ana kuma daidaita sakamako da zoben itatuwa da aka ƙirga shekara bi shekara, saboda yawan kabon-14 a iska yana hawa yana sauka.

Fotasiyam da agon na dutsen aman wuta ne. Idan dutse ya narke agon yakan tsere, da ya daskare sai ya fara taruwa daga farko. Matsalar takan zo ne in narkakken dutsen ya kwaso tsofaffin gutsattsari da ba su narke ba, suka shigo da tsohon agon ɗinsu. Haka ya faru da gutsattsarin da ke cikin aman dutsen Hualalai na Hawai na 1800 zuwa 1801, da kuma sabon dutsen Saint Helens na Amurka da ya daskare a shekarun 1980 amma awo ya ba shi shekara 350,000, wasu sassansa ma fiye da haka. Ana yawan kawo waɗannan biyun a ce awon duka ƙarya ne. Duba girman kuskuren: ƙarin shekara 350,000 a kan dutse ɗan shekara goma babban kuskure ne, amma a kan dutse mai shekara miliyan 100 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gwajin adalci shi ne a gwada hanyar a kan abin da tarihi ya rubuta. A 1997 an auna tokar dutsen Besubiyus da ya binne garin Fomfei na Italiya a shekara ta 79 Miladiyya, da ingantacciyar hanyar agon, aka samu shekara 1,925, da yiwuwar ƙari ko ragi na 94. Ainihin amsar 1,918 ce.

Masu suka sukan ce awon ya dogara da zato uku: ba a san yawan sinadarin da aka fara da shi ba, ba a san ko wani abu ya shiga ko ya fita ba, ba a kuma san ko saurin bai taɓa sauyawa ba. Tambayoyi ne masu kyau, kowace da hanyar bincika ta. Ta farko ana kauce mata da ƙanƙanin lu'ulu'un da ake kira zikon, wanda lokacin haɗuwarsa yake karɓar yuraniyam ya ƙi dalma, saboda haka kusan duk dalmar da ke cikinsa daga baya ta samu. Ta biyu kuma, tunda irin yuraniyam biyu ne a cikin zikon ɗaya, kowanne da saurinsa, in dalma ta zube amsoshin biyu za su saɓa, mai awo ya gane. Akwai kuma hanyar ɗaukar ma'adinai daban-daban daga dutse ɗaya a auna rubidiyam da sitirontiyam ɗin da yake rikiɗewa zuwa gare shi a kowanne, a ɗora sakamakon a jadawali. In ɗigon sun jeru a miƙaƙƙen layi, karkatar layin ce ke ba da shekaru ba tare da an yi zaton komai game da farko ba. In dutsen ya gurɓata, yawanci sai su warwatse. Ta uku, an gwada zafi da matsi irin na cikin ƙasa, ba su sauya saurin waɗannan sinadarai da abin a zo a gani ba.

Da irin wannan aiki Clair Patterson ya fitar da shekara biliyan 4.55 a matsayin shekarun duniya a 1956, daga duwatsun da ke faɗowa daga sama. Adadin da ake aiki da shi yau 4.54 ne. A duk rahoton shekaru da aka nuna maka, nemi abu uku: samfuri nawa aka auna, an rubuta iyakar ƙari ko ragi, kuma an gwada da wata hanya ta biyu? Adadin da ya zo shi kaɗai babu waɗannan, ajiye shi gefe, ko da ɓangarenka yake taimako.

Burbushin halittu

Ƙashin da ya zama dutse yawanci ba shi ake aunawa ba. Ana neman shimfiɗar tokar aman wuta a ƙarƙashinsa da wata a samansa, a auna su, a ce yana tsakani. Haka aka samu shekara miliyan 3.2 na ƙasusuwan da ake kira Lusi, da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974. Ana zargin cewa abin zagaye ne, wai dutse ke ba ƙashi shekaru, ƙashi ya ba dutse. Tarihin aikin bai nuna haka ba. Jerin shimfiɗun duwatsu, wanne ke ƙasa wanne ke sama, an tsara shi tun kafin Charles Darwin, wanda ya shahara da nazariyyar juyin halitta. William Smith ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815, littafin Darwin kuwa sai 1859. Shekaru da lambobi sun zo daga baya, bayan gano rikiɗewar sinadarai a 1896.

Hujjar burbushi tana ƙarfi ne idan an faɗi abin da za a samu kafin a haƙa. Masu bincike sun lura cewa duwatsu masu shekara miliyan 385 kifaye ke cikinsu, masu miliyan 365 kuwa akwai dabbobi masu ƙafa huɗu. Sai suka nemi duwatsun tsohon rafi masu shekaru a tsakani, suka same su a tsibirin Ellesmere na arewacin Kanada, a 2004 suka tono Tiktaalik: yana da ɓawon kifi, amma kansa a baje yake, yana da wuya, akwai kuma ƙasusuwan gwiwar hannu da wuyan hannu a cikin filafilansa. Shekarunsa miliyan 375. Sai dai a 2010 an sanar da sawun dabba mai ƙafa huɗu a Foland da ya girme shi da shekara miliyan goma sha wani abu. Darasin aiki a nan shi ne, burbushi yana nuna irin sifar da ta wanzu, ba ya nuna cewa wannan dabbar ce kakar wance. Mai kare juyin halitta da ya ce "ga kakanmu" ya yi azarɓaɓi, mai suka da ya ce sawun Foland ya rusa komai shi ma haka.

Dabbar teku wel, wadda ake ɗauka kifi alhali mai shayarwa ce, misali ne da ya cancanci ka bi shi da kanka. A Wadi al-Hitan ta Masar akwai Basilosaurus mai tsawon mita 15 ko fiye, da ƙafafun baya da ba su wuce santimita 60 ba. A 2001 aka samu tsofaffin danginta a Fakistan da ƙashin idon sawu mai kwari sama da ƙasa, irin wanda ake samu a tumaki, raƙuma da dorina kawai da sauran danginsu. Binciken DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ta nasa ɓangaren, dorina ya nuna a matsayin mafi kusa da wel.

Giɓi a jerin burbushi akwai shi da yawa, kada kowa ya ɓoye wannan. Zama dutse sai an binne gawa da wuri cikin laka ko toka, masu laushin jiki kuwa da wuya su bar alama. Bayyanar manyan rukunan dabbobi a zamanin Kambiriyan, daga kimanin shekara miliyan 538 da suka wuce, ta zo da sauri a ma'aunin duwatsu, ana kuma ci gaba da muhawara kan sanadinta. Amma saurin nan na shekara miliyan ashirin ne ko kusa, kuma akwai burbushin halittu masu laushi kafin ta.

DNA: gani ya kori ji

Wannan ɓangaren za ka iya duba shi da kwamfuta kyauta. Buɗe shafin UniProt a intanet ka rubuta P99999. Zai fito maka da furotin saitokurom c na ɗan Adam, jerin haruffa ɗari da 'yan kai, kowane harafi amino asid ɗaya. Nemo irinsa na cimfanzi, na birin resus, na doki da na yis, ka jera su da na'urar daidaitawa da ke shafin, ka ƙirga bambanci. Da cimfanzi babu ko ɗaya. Da resus ɗaya. Da doki 12. Da yis sama da 40. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a lura cewa nisan yis da mutum, da doki, da kifi kusan ɗaya ne, sai a ce ai da kifi ya fi kusa da yis. Ba haka lissafin yake ba. Dukansu uku lokaci ɗaya suka rabu da reshen yis, kuma kifin yau bai tsaya cak ba tun ranar.

Nan ne wurin gyara wata tsohuwar fahimta. Nazariyyar ba ta ce mutum daga birin da ake gani yau ya fito ba. Cewa ta yi tushensu ɗaya, kamar kai da ɗan baffanka: kakanku ɗaya, amma ba shi ya haife ka ba. Tambayar me ya sa har yanzu akwai birai ba ta taɓa da'awar.

Lambar kashi 99 cikin 100 na kamannin DNA ɗin mutum da cimfanzi da ake yawan ambata, tambayi yadda aka ƙirga ta. Binciken 2005 ya samu bambancin kashi 1.23 tsakanin mutum da cimfanzi idan harafi da harafi aka kwatanta a wuraren da suka yi daidai. In aka haɗa da guntayen da suka ƙaru ko suka ɓace, bambancin ya kai kimanin kashi 4. Duk lambobin biyu gaskiya ne, abin da suke ƙirgawa ne ya bambanta.

Masu ra'ayin halitta kan amsa cewa kamanni alamar mai tsarawa ɗaya ne. Ga sassan da ke aiki, wannan amsa ce da kamanni kaɗai ba zai iya kore ta ba. Shi ya sa gwajin yake komawa kan lalatattun sassa. Yawancin dabbobi masu shayarwa jikinsu na haɗa bitamin C da kansa. Mutum, cimfanzi, goggon biri (gorila) da sauran birai suna da ƙwayar gadon da ke wannan aiki, sunanta GULO, amma a karye take, kuma karayar tasu ta yi kama da juna. Ɓeran Masar ma tasa a karye take, amma ta wata fuska dabam. Haka kuma kimanin kashi 8 na DNA ɗinmu saura ne na tsofaffin ƙwayoyin bairos da suka kutsa ciki, da yawansu kuma a wuri ɗaya suke cikin haruffa biliyan 3 a jikin mutum da cimfanzi. Wasu daga cikinsu an gano suna da amfani yanzu, amma amfani bai bayyana dalilin da ya sa rarrabuwarsu ke bin reshe-reshe ba.

Sai kuromosom na 2, ɗaya daga cikin ƙunsoshin da DNA ke naɗe a ciki. Mutum yana da 23 a bibbiyu, manyan birai 24. In tushe ɗaya ne, dole biyu sun haɗe a wani lokaci, kuma dole a ga tabo. A 1991 an ga shi: jerin haruffan TTAGGG da ke zama a ƙarshen kuromosom an same shi a tsakiya, biyu suna fuskantar juna, ga kuma ragowar cibiya ta biyu da ta daina aiki. Mai suka na iya cewa wannan ya nuna kakannin mutum sun taɓa samun 24 ne kawai, bai nuna dangantaka da biri ba. Maganarsa tana da gaskiya in tabon kaɗai aka duba. Nauyin hujjar yana cikin cewa jerin ƙwayoyin gadon ɓangarorin biyu ya yi daidai da kuromosom biyu na cimfanzi, kuma da ba a ga tabon ba da nazariyyar ta shiga uku.

Kada ka firgita in ka ga ƙwayar gado ɗaya ta ba da bishiyar dangantaka dabam. Binciken goggon biri na 2012 ya nuna a kusan kashi 30 na DNA ya fi kusa da mutum ko da cimfanzi fiye da kusancinsu da juna. Haka ake tsammani idan rassa suka rabu kusa da kusa, tsohon bambancin da ke cikin kakanni ya rarrabu ba bisa tsari ba. Da dubban ƙwayoyin gado ake yanke hukunci.

Sauyin da aka gani da ido, da iyakarsa

A watan Fabrairun 1988 Richard Lenski ya zuba bakteriyar E. coli iri ɗaya a kwalabe 12. Kullum ana ɗiban kashi 1 cikin 100 a zuba a sabon abinci, abin da ke ba da zuriya kusan 6.6 a rana, kuma duk bayan zuriya 500 ana daskarar da samfuri don a iya komawa baya. Wajen zuriya ta 31,500, kwalba ɗaya ta fara cin sinadarin sitiret a cikin iska, abin da wannan bakteriya ba ta yi. Da aka bincika, wani guntun DNA ne ya maimaitu ya faɗa ƙarƙashin makunnin da ke aiki idan akwai iskar oksijin. Masu suka sun ce ƙwayar gadon dama tana nan, kuma bakteriya ba ta daina zama bakteriya ba. Duka gaskiya ne. Gwajin ya nuna yadda sabuwar iyawa ke fitowa daga sake jera tsoffin sassa, bai kuma yi iƙirarin nuna abin da ke ɗaukar miliyoyin shekaru ba.

A tsibirin Daphne Major na Galafagos, Peter da Rosemary Grant sun auna bakin tsuntsaye tun 1973. Farin 1977 ya kashe kusan kashi 85 na wani jinsi, masu kaurin baki da ke iya fasa ƙwaya mai tauri suka fi tsira, kaurin bakin 'ya'yansu ya ƙaru da kimanin kashi 4. Bayan ruwa mai yawa na 1983 abin ya juya baya. Cutar sikila ma misali ce: harafi ɗaya ne ya sauya, mai gado ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, mai biyu yana fama da cuta, shi ya sa ta yawaita inda zazzaɓin ya yi katutu.

Kusan kowa ya yarda da wannan matakin. Wanda ya ce sauyi na tsayawa a iyakar "iri", roƙe shi ya faɗi inda iyakar take da abin da ke tsare ta, domin sai an faɗa za a iya gwadawa. Wanda kuma ya ce bakin tsuntsu kaɗai ya tabbatar da tushe ɗaya, tuna masa cewa wannan aikin DNA da burbushi ne.

Lissafin sa'a

Za ka ji an ce yiwuwar furotin ya haɗu da kansa ɗaya ce cikin adadi mai sifiri ɗari. Duba ko lissafin ya ɗauka cewa a jefa ɗaya komai zai haɗu. Gwada da ƙwayar ludo goma. Samun shida a dukansu lokaci guda ɗaya ne cikin 60,466,176. Amma in duk wadda ta ba da shida ka ajiye ta ka sake jefa sauran, a matsakaici jefa 16 ko 17 ya isa. Bambancin ke nan tsakanin sa'a zalla da sa'ar da ake tace ta mataki-mataki. Gwajin yana da rauni guda da ya kamata ka faɗa da bakinka: kai ka san shida kake nema, zaɓin yanayi kuwa, wato yadda masu sifa mai amfani suka fi tsira da hayayyafa, abin da ke da amfani a yanzu kawai yake riƙewa. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce ko kowane mataki na tsakiya yana da amfani. A kan wannan Michael Behe ya gina hujjarsa a 1996, da misalin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. Amsar masu bincike ita ce yawancin furotin ɗinta suna da 'yan'uwa da ke wasu ayyuka dabam, ko da yake cikakken tarihin haɗuwarta ana kan aikinsa.

Yankakkiyar magana, jabu da hukuncin kotu

Duk maganar da aka jingina wa masani, nemo asalinta ka karanta sakin layin da ke gaba da wanda ke baya. Wadda aka fi yankewa ita ce ta Darwin a babi na shida, inda ya ce a ce ido ya samu ta zaɓin yanayi kamar wauta ce. Jimlar da ke biye da ita ta fara bayanin dalilin da ya sa yake ganin ba wauta ba ce, ya kuma ci gaba da shafuka.

Jabu ya faru, kada ka musa. Ƙoƙon kan Piltdown na 1912 haɗi ne na kan mutum da muƙamuƙin birin orangutan da aka goge wa haƙora, sai 1953 aka tona asirinsa da gwajin sinadarai. Haƙorin Nebraska na 1922 na wani dangin aladen daji ne, an janye da'awar a 1927. Zanen 'yan tayi na Ernst Haeckel ya zuzuta kamanni. A ɗaya ɓangaren, sawun mutum tare da na dainoso da aka ce an gani a kogin Paluxy na Texas, manyan ƙungiyoyin masu ra'ayin halitta da kansu sun daina kafa hujja da shi. Tambayarka a kowane hali: akwai wanda ke dogaro da wannan a yau?

Shari'o'in Amurka, daga ta Scopes a 1925 zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 1987 da shari'ar Dover ta 2005, magana ce ta abin da doka ta yarda a koyar a makarantun gwamnatin ƙasar. Alƙali ba ya yanke shekarun dutse.

In zama za a yi

Tun kafin a fara, kowa ya faɗi abin da in ya gani zai sauya ra'ayinsa kan tambayoyin da ake iya aunawa. Mai kare juyin halitta yana da amsoshi a hannu: burbushin zomo a duwatsun da suka riga Kambiriyan, ko bishiyar DNA da ta saɓa wa ta ƙasusuwa gaba ɗaya. Ɗaya ɓangaren ma ya kawo nasa. Kada ku yarda da ruwan da'awoyi, inda mutum zai jero ashirin cikin minti biyar. Faɗin da'awa ɗaya rabin minti ne, bincika ta yakan ci minti goma ko fiye, don haka mai jerowa kullum zai yi kamar ya ci nasara. Ku tsaya a kan uku, kowa ya aiko da nasa a rubuce mako guda kafin zaman, tare da sunan wanda ya yi awon, shekarar da aka yi shi da inda aka buga shi, kuma kada a wuce zuwa ta biyu sai an rubuta abin da aka amince da abin da aka saɓa a ta farko.